Ƙusa Ɗaya a Rufin Ambroise

Ranar Talata, ashirin da bakwai ga watan Mayu na shekarar 2025, da hantsi, Wanda Ya ba mu aron Ambroise Ya aiko aka karɓi abinSa. A ɗakinsa ya cika, nan Dogon Dutsi, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Washegari muka raka shi makwancinsa. Kirista da Musulmi, Arawa da baƙin gari, har masu kabu-kabu da suka jingine baburansu suka bi mu a ƙafa, babu wanda ya rage a gida sai wanda ba ya iya tashi.

Ni ce Thérèse, wadda 'yan unguwa ke kira Inna Tereza. Ambroise ɗan kawuna ne, ni ɗiyar gwaggonsa. Tobashina ke nan, abokin wasana tun bai san damansa da hagunsa ba. Wanda ya karanta wannan ya ga ina tsokanar mamaci, kada ya ce tsohuwa ta ruɗe. Haƙƙina ne, kuma ban ga ranar da aka karɓe shi daga hannuna ba.

Ambroise, da kai nake. Ka tashi ka bar mu a tsakiyar magana, ka kuwa san ni ba na barin magana a tsakiya. Akwai abin da ya faru bayan ka kwanta, wanda ya kamata a ce kunnenka ne ya fara ji. Zan faɗa maka shi kaf. Amma ka yi haƙuri in ɗauko daga baya, saboda waɗanda ba su san ka ba.

Ni na goye ka a Matankari. Nauyi gare ka kamar turmi, ga riƙon gashi. Ka taso ba ka da baki sai hannu. Duk gwangwanin da aka yar, na madara, na tumatir, na kifi, kai ke tsincewa. Ka yi mota, ka yi fitila, ka yi mazurari. Ranar da ka yanka murfin kwanon tuwon kawu ka yi wa motarka ƙafafu, a bayan zanena ka ɓuya, ni na sha faɗan. Daga ranar na sa maka suna Ɗan Gwangwani. Kai kuma da ka yi wayo ka rama da Rediyo, wai ba mai kashe ni sai in batir ya ƙare. Sunayen nan biyu suka bi mu har furfura.

Da ka zama saurayi ka bi mota zuwa Kwatano, daga can ka wuce gaba. Rabin rayuwarka a saman gine-ginen mutane ka yi shi, gidaje da shaguna da manyan ɗakunan ajiya na bakin teku. Ka dawo mana da sanƙo, da matarka Suzanne, da 'ya'ya, da wani akwatin ƙarfe cike da awartaki masu faɗin baki da gudumar katako. Na tambaye ka me ka koyo a can, ka ce, "Shiru." Na ce ai wannan da shi ka tafi.

Nan gari abin da mutane suka sani shi suka nema a wajenka, kwano mai tudu da kwari, a buga masa ƙusa, a ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a sama don kada iska ta ɗauka. Kana yi musu, kana ɓata fuska. Sauran lokacinka kuma na tsofaffi ne. Duk shekara, washegarin ruwan farko, ba sai an kira ka ba, za a gan ka da tsani a kafaɗa kana bin gidajen matan da mazansu suka rasu. Tsohuwa Kaltume ta gaya mini da bakinta, ranar da ka toshe yoyon da ke zuba a kan gadonta, ta dama maka fura tana ta neman abin da za ta saka maka da shi. Ka shanye tas, ka lashe ludayi, sannan ka ce furar ta yi tsami, ba za ka sake zuwa ba sai ta gyara hannu. Haka kuka rabu tana zaginka tana dariya, ba ta samu damar jin nauyi ba. Rumfar masallacin unguwarmu kai ka rufa ta, kai da kowace Lahadi kake kan benci na gaba a majami'a. Ni kuma ka ƙera mini bokiti, ka kawo har gida ka ce, "Ungo, Rediyo, ki riƙa tara surutu ciki, kada ya ɓace." Bokitin yana nan. Ka riƙe shi a ranka, zai dawo cikin labarin.

Yanzu ga maganar mangaza, ɗakin ajiyar hatsinmu.

Mu matan unguwa muna da ƙungiya, Shatu ce shugabarmu. Bayan girbi kowace mace tana kawo hatsinta, tiya-tiya, a zuba a buhu a ajiye a mangazarmu. Ba a taɓa shi sai tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, yara suna kallon tukunya. A lokacin ake buɗewa a raba. Wanda bai taɓa ganin wannan lokaci ba, ba zai san abin da ke cikin buhunan nan ba. Tuwon jikokinmu ne.

Amma rufin mangazar ya zame mana ciwo. Wata shekara ruwa ya bi ramukan ƙusa ya sauka, ba mu sani ba sai da muka buɗe muka tarar hatsi ya tsira a cikin buhu, ya yi gemu. Bara kuma iska ta ɗaga rabin kwanon da duwatsunsa duka, ta kai shi gonar mutane. Mata suka gaji. A taron da muka yi da rani, da yawa suka ce in bana aka sake asara, kowa ta kwashi abin da ya rage nata, ƙungiya ta watse. Ni na miƙe na ce a ba tobashina aikin, a kuma bar shi ya yi irin wanda yake so, ba irin wanda muka saba ba. Shatu ta dube ni ta ce, "Inna, kin tsaya mishi?" Na ce na tsaya. Da na zo na gaya maka, maimakon godiya sai ka ce, "Wa ya aike ki?" Amma na ga yadda ka juya ka buɗe akwatin nan naka, kana shafa awartakin kamar mai gaisawa da tsofaffin abokai.

Cikin zafin watan Afrilu kuka fara, kai da ɗanka Éphraïm. Ni kuma na ɗauko kujerata na kafa a inuwa, don aikin da na tsaya wa ba zan bar shi ba ido ba. Kwanon da kuka kawo ba shi da tudu da kwari. Shimfiɗaɗɗe ne, dogo, tun daga tsororuwar ɗaki har bakin indararo falle ɗaya, ba mahaɗi a tsakiya. Kowane falle kun tayar da gefensa biyu tsaye. Sai in ga ka ɗaure wasu 'yan kunnuwan ƙarfe a jikin katakon ƙasa, kunnen ya kama gefen falle, ka kawo falle na biyu ka jingina, sannan ka bi da awartaki kana naɗe bakunan biyu tare, ka naɗe ka sake naɗewa, kunnen ya ɓace a ciki. Da kuka yi nisa, sai rufin ya fito da layuka tsaye reras, kamar kan yarinyar da aka gama yi wa kitson salla.

Na ce, "Ɗan Gwangwani, wannan ai kalmasa ce. Ashe ɗinki ka tafi koyo a bakin teku? To ina ƙusa?"

Ka ce, "Babu."

Na ce, "Ka manta ta a gida, ko tsufa ne?"

Ranar ce kaɗai na ga ka yi doguwar magana, ita ma don na hana ka shan ruwa sai ka amsa. Ka ce in tuna bokitina, in gaya maka ƙusa nawa ke jikinsa. Na ce babu ko ɗaya. Ka ce, "Ya taɓa yoyo?" Na yi shiru, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Ka ce kwano yana da rai irin nasa, in rana ta buga shi sai ya miƙe, in sanyi ya sauka sai ya tsuke. Wanda aka soke da ƙusa, kullum yana ja yana turawa, har ramin ya yi faɗi, ruwa ya samu hanya, iska ta samu wurin sa yatsa. Wannan kuwa riƙe yake ta ƙasa, inda ruwa ba ya kaiwa, kuma an bar masa wurin miƙa. Ka ce, "Kamar ke ne. In an matse ki, sai ki ɓarke."

Da aka mayar da buhuna ciki, wata rana da tsakar rana Shatu ta fito daga mangaza da gudu, ɗankwali a hannu. Ta ce akwai abu a sama, yana ƙas, ƙas, ƙas, yana tafiya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ka san mu Arawa, abin da ya yi motsi rana tsaka ba mu rasa sunan da za mu ba shi. Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa doguwa, aljanar nan, ta samu sabon masauki, har wata ta ba da shawarar a nemo mai turare. Kai kuwa kana zaune kana cin gyaɗa, ka ce, "Ku gaya wa doguwar in ta ga yoyo ta sanar da ni." Ni na zaga gida-gida ina bayanin miƙar kwano. Wasu suka yarda, wasu suka ce Inna Tereza dai ba ta rasa abin faɗa.

A makon da ka sauko daga rufin nan ciwo ya kama ka. Ka ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Da na zo duba ka na ƙarshe, ka rame, muryarka ta yi ƙasa, amma ka tambaye ni ko hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na ce tukuna. Ka ce, "Da na so in gani." Ban samu abin tsokana ba ranar. Na riƙe hannunka kawai, hannun nan mai kaushi da ya sha yankan kwano.

To, ga abin da ba ka gani ba.

Abokinka Jibo, mai gadin mangaza, wanda kuka shekara kuna dara a gindin bishiyar bedi kuna cutar juna, ba ya gari lokacin da kuka yi aikin. Yana Tibiri wajen sharar gonar yayansa. Ranar da muka kai ka ya dawo, ya bi gawarka yana kuka kamar yaro. Washegari ya je bakin aikinsa, ya ɗaga kai ya dubi rufi. Bai ga kan ƙusa ko ɗaya ba, bai ga dutse ba, bai ga taya ba. Ya tambaya, aka ce masa kana saukowa ka kwanta. Sai Jibo ya haɗa lissafinsa: ciwo ya kayar da abokinsa kafin ya gama aiki. Ka san al'adarmu, in mutum ya rasu ya bar gona ba noma ko gini ba rufi, maƙwabta ke taruwa su ƙarasa masa, don kada a ce ya tafi da nauyin mutane a wuyansa. Jibo ya bi maza ɗaya-ɗaya a wurin zaman makoki yana raɗa. Ba su gaya wa Éphraïm ba, wai kada a tayar da maraya daga tabarma. Saboda ƙaunarka suka yi, Ambroise, wannan ka sani. Saboda ƙaunarka suka tashi za su kashe maka aiki.

Ina zaune cikin mata kusa da Suzanne, sai na ji ƙwam! ƙwam! daga wajen mangaza. Na san ƙarar gudumarka, ta katako ce, tana da taushi. Wannan ƙarfe ne a kan ƙarfe. Ban san lokacin da na miƙe ba. Gwiwoyin nan da kullum nake kai ƙararsu wajen likita, ranar ba su ce komai ba.

Na tarar da maza sun cika wurin, ga amalanken jaki shaƙe da duwatsu, ga tayoyi, ga tsani a jingine. Jibo ya riga ya hau ya buga ƙusa ɗaya ta gwaji, ya sauko ɗaukar sauran. Kafin ya juyo na isa tsanin, na zauna daram a kan matakin ƙasa, na gyara zanena.

Ya ce, "Inna Tereza, tashi bisa tsanin ga, don Allah. Mutumen ga bai gama aiki nai ba. Ba mu bari a ce Ambroise ya bar aiki rabi."

Na ce, "Jibo, wanda bai gama ba shi ne wanda ya koya maka wayo. Aikin ga ya ƙare."

Ya ce, "Ina ƙusa?"

Na ce, "Tana aljihunka, can za ta kwana."

Na yi musu bayanin bokiti, na yi na kalmasa, na yi na miƙa, duk yadda ka faɗa mini har da ƙari. Suka saurara saboda furfurata, amma na ga idonsu yana komawa kan duwatsu. Wani ya ce ko da ba a buga ƙusa ba, a ɗora duwatsun, ai ba su cutar da kowa. Na ce dutse zai danne naɗin ya lotsa shi, ya tare wa ruwa hanya. Ana cikin haka Shatu ta iso. Ba ta yi hayaniya ba, ta durƙusa kusa da ni ta ce a hankali, "Inna, wanda yay yi shi ba ya nan balle mu tambaye shi. In iska ta ɗauka, hatsin mata na. Mi za ni ce musu?"

Maganarta ta fi ta maza duka nauyi, don gaskiya ta faɗa. Na ce, "Ki ce musu ranar da hadarin farko ya taso, ni Tereza a cikin mangaza zan zauna. In rufin ya tashi, da ni zai tashi, ku huta da rediyo." Aka yi dariya, ba don an yarda ba. Shatu dai ta miƙe ta ce a sauke tsani. Aka zube duwatsun a gefe, Jibo ya tafi yana girgiza kai, ƙusoshi suna ƙara a aljihunsa.

Ranar Jumma'a ta makon da ya biyo, ranar kasuwa, bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cak, awaki suka fara kuka, 'yan kasuwa suka shiga naɗe kaya. Na ɗauki carbina da bokitinka na nufi mangaza. Jikokina suka riƙe mini zane, na ce su sake ni, alkawari na ɗauka. Na shiga na kifa bokitin a tsakiyar buhuna na zauna a kai. Ban daɗe ba sai ga Shatu da nata carbin, ta ce ba za a ce shugaba tana gida tsohuwa na gadin hatsi ba. Bayanta Kaltume da sandarta, bayanta wasu, har wuri ya cika da mata. Jibo ya tsaya daga bakin ƙofa, shi bai shigo ba, shi bai tafi ba.

Sai ta sauko. Ambroise, na ga hadari a rayuwata, amma wannan da fushi ya zo. Muna jin kwanonin unguwa suna kaɗawa fal-fal, muna jin duwatsu suna gangarowa daga saman ɗakuna, wani abu ya wuce ta kanmu da ƙara ya faɗi can nesa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tsoro. Shatu na jan nata carbin, ina jan nawa, kowa na kiran Allah da kalmomin da aka koya mata, a tsakani kuma ina cewa a raina, Ɗan Gwangwani, in ka kunyata ni, ka san inda zan same ka. Na ɗaga kai. Rufinka yana wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar sa yana tuƙa. Bai ɗaga ba, bai kaɗa ba. Iska ta bi ta kansa tana neman wurin kamawa, ta rasa.

Ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya. Muka yi tsit muna sauraro, kowace tana shafa buhun da ke kusa da ita. A bushe. A bushe. Can sai muka ji ɗis. Aka jima, ɗis. Kaltume ta nuna da sanda. A kusurwar yamma, wuri ɗaya tak a faɗin rufin nan, ruwa yana taruwa a bakin wani ɗan tsinin ƙarfe yana ɗigowa a kan buhu. Duk muka juya muka dubi ƙofa. Jibo ya shigo a jiƙe, ya tsaya ƙarƙashin wurin, ya ɗaga kai, ɗigon ya sauka a goshinsa.

Na tashi daga kan bokitinka, na juya shi, na miƙa masa. Na ce, "Ungo, tara abinka." Ya janye buhun da kansa, ya ajiye bokitin, ya tsuguna a gabansa. Sannan ya ce, "Ambroise, ka cinye ni. Ko kana kwance ka cinye ni." Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Da ruwa ya ɗauke muka fito. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba, amma unguwa ta sha kashi. Kwanoni a kan hanya, kwanoni a rataye a bishiya, rumfar gadin Jibo kanta sai bayan gari aka tsinto ta. Mangazarmu kuwa tana tsaye, rufinta a wanke yana ƙyalli, layukansa reras yadda ka bar su, ruwa na gangarowa ta indararo kamar an umarce shi. Ban san wadda ta fara ba, sai dai na ji guɗa ta tashi. Muna cikin makokinka, Ambroise, muka rangaɗa guɗa har maƙogwaro ya bushe, ba kuma wanda ya ce mun yi rashin ta ido. Suzanne ta jiyo daga gida ta aiko a tambaya ko lafiya. Ni na je da kaina na ba ta labari, har da ɗigon da ya sauka a goshin Jibo. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce, ta farko tun ranar da ka kwanta. Daga baya kukan ya zo, muka yi shi tare.

Da aka tashi daga zaman makoki, Éphraïm ya buɗe akwatinka, ya hau ya warware naɗin, ya canza fallen da aka huda, ya mayar ya naɗe. Na zauna a ƙasa ina kallon hannunsa, naka ne sak, har da yadda yake cije leɓe. Jibo ne ya riƙe masa tsani. Ya roƙi a ba shi ƙusar, yanzu da ita yake dara a gindin bedi, a madadin ɗan itace ɗaya, duk wanda ya tambaya sai ya ba shi labarin da kansa kafin ni in riga shi. Masu shaguna da masu gidajen da iska ta yi wa aski suna ta zuwa kallon mangazarmu, suna tambayar ina ɗan mai kalmasa yake. Duwatsun da aka kawo suna nan a zube, mun mayar da su wurin zama. Matan da suka ce za su kwashe nasu, ba wadda ta sake ɗaga maganar. Shatu ta ce in gaya maka, doguwar ma ta yarda ta zauna, tunda ba ta cin hatsi.

Wannan shi ne labarin da na riƙe maka. Ka so ka gani, ba a ba ka ba, to ga shi na kawo maka har inda kake. Ruwa ya sauka sau da yawa tun daga ranar, hatsinmu yana nan a bushe ƙayau. In lokacin ya zo aka buɗe buhuna, duk yaron da ya ci tuwo a unguwar nan, da hannunka a cikin kwanonsa.

Suzanne, ƙanwata, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya zama gatanki, Ya sanyaya miki ɗakin da ya yi miki faɗi. Éphraïm da Grâce da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah Ya dafa muku, Ya sa albarka a hannuwanku yadda Ya sa a na mahaifinku. Ina miƙa ta'aziyya ga danginmu na Matankari da na Tibiri, ga jama'ar majami'armu, ga maƙwabtanmu Musulmi da suka zauna tare da mu tun daga ranar farko har aka naɗe tabarma, ga matan ƙungiya, ga tsofaffin da bana ba su ga mai tsani a ƙofarsu ba. Kai ma Jibo ina yi maka, don na san abin da ka rasa.

Ya Ubangiji, Ka ji ƙan bawanKa Ambroise. Ka yafe masa kurakuransa, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa wa marasa ƙarfi ɗakunansu, Ka karɓe shi cikin haskenKa, Ka ba shi hutun da ba ya yankewa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da kyau. Amin.

Ɗan Gwangwani, gidan da ka tafi ba ya yoyo, don haka ka ajiye awartaki ka huta. Ni dai kullum rana tsaka ina zuwa mangaza in zauna a kan bokitina, in ji rufinka yana ƙas, ƙas, yana miƙa abinsa a kan hatsinmu. Ka fi surutu yanzu fiye da lokacin da kake da rai. Ka tanadar mini wuri kusa da kai, amma kada ka yi gaggawa. Batir bai ƙare ba tukuna.

Tobashiyarka,
Thérèse, Inna Tereza
Dogon Dutsi